Ranar da Muka Yi wa Burodi Guga

Har yau ban manta da ranar da muka yi wa burodi guga ba. Tunda ku sababbin zuwa kuna yawan tambayar abin da ya kawo dutsen guga kicin ɗin Anti Balaraba, ga shi rataye kusa da ludayi, bari in ba ku labarinsa.

Lokacin ina aji ɗaya na babbar sakandare, ana hutun da ya faɗo cikin zafin bazara. Anti, ƙanwar mahaifiyata, ba ta daɗe da fara sana'ar kayan fulawa a gidanta na Rogo ba. Mu uku ne kacal. Anti ce mai awo da ɗanɗano, ba mai taɓa gishiri sai ita. Ladidi ce mai kwaɓi da suya. Ni ce ƙarama, aikina yanka albasa da naɗewa da kai saƙo. An ba ni kai saƙon ne wai don ba na tsayawa surutu a hanya. Gaskiyar kuwa, ko gaisuwa sai na maimaita ta a zuci kafin ta fito.

Wata Litinin shugabar makarantarmu ta aiko. Za a yi wa malamai bita, baƙi za su zo daga Kano, tana son karin kumallo irin wanda ba za su yi zaton samu a wajenmu ba. Ta ce in abin ya yi kyau, Anti ce za ta riƙa kai wa malamai abin taɓawa idan an koma karatu. Anti ta daɗe tana neman irin wannan ƙofa, don cincin ba ya tafiya sai da biki ko sallah.

Da yamma ta zaunar da mu ta kunna mana bidiyo a wayarta. Wani Bature ne yake gasa burodi da nama da cuku a tsakiya. Da ya raba shi biyu, cukun ya miƙe kamar danƙo.

Ladidi ta ce, "Anti, naman nan me ya sa ya yi ja haka, kamar bai dahu ba?"

Na karanta rubutun da ke ƙasan hoton, na ce a hankali, "Na alade ne."

Anti ta ture wayar. "A'uzubillahi! Shi ya sa yake ta lashe baki shi kaɗai. To, mu da na sa za mu yi, kuma sai ya fi nasa."

Haka aka tsara. Mai kilishi ya yanka mana nama siriri kamar zai shanya, Anti ta jiƙa shi da citta da tafarnuwa da masoro, ta gasa a kasko. Burodi daga Karaye aka sa direba ya taho da shi, don a can ne ta san mai yin marar sukari. Cuku kuma Inna Jumma ce ta kawo, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Falgore. A gwajin farko cukun nan ya ƙi narkewa, ya zauna daram yana ƙiƙi a haƙori. Sai Anti ta gurza shi a abin gurza kuɓewa, ta cakuɗa da man shanu, ya ɗan saki jiki.

Ga yadda ake jerawa, ku riƙe: man shanu a bayan burodi ake shafawa, ba a ciki ba. Sai cuku, sai nama, sai soyayyar albasa, sai cuku kuma a sama, don shi ne zai kama ɓangarorin biyu.

Ranar bitar Anti ta fito da injin gasa burodi na cikin kayan ɗakinta, wanda bai taɓa fita daga kwalinsa ba. Yana fitar da su tsaf, masu kusurwa uku, da layi-layi a jiki. Mun yi kamar rabi, sai fankar tsakar gida ta fara rage gudu. An ɗauke wuta.

Muka koma kasko. Waje ya ƙone, ciki da sanyi, da an zo juyawa kuma sai nama ya zame gefe. Anti ta zauna a kan turmi ta riƙe kai. Daga zauren maƙwabta muna jin Baba Sule mai wanki da guga yana buga dutsensa a kan tebur, tim, tim.

Ladidi ta ce, "Abin nan danna yake so. Sai dai mu kai wa Baba Sule ya goge mana."

Wasa take yi. Anti ta ɗago kai ta dube ta, sannan ta dube ni. "Sakina, ɗauki hijabinki."

Na gaishe da Baba Sule har ƙasa, na ce Anti na roƙon aron dutse.

"Me za a goge, jikata?"

"Burodi."

Ya ajiye rigar da ke hannunsa. "Yamutsewa ya yi?"

Ya yi ta dariya har da tari, ya ƙara gawayi a ciki, ya fifita, ya miƙo mini.

Muka dirje ƙasan dutsen da toka da lemon tsami. Ladidi ta ɗora burodi a kan tire, ta danna, man ya yi cuu, ta juya ta sake dannawa. Ƙamshi ya cika gidan. Sai dai kowanne ya fito a baje, da hoton hancin dutsen guga a bayansa ɓaro-ɓaro.

Anti ta jera waɗannan a ƙasan kula, ta rufe su da na inji. "In an tambaye ki, ki ce duk inji ne. Ko ma kada ki ce komai, ai kin iya."

A ofishin shugaba na durƙusa na gaishe su, na zuba shayi, na koma jikin ƙofa. Babbar baƙuwar wata dattijuwa ce mai tabarau, da jan lalle a yatsunta. Na lura ta gutsiri na inji sau biyu ta ajiye, ɓarɓashin cuku na zubo mata a cinya tana kakkaɓewa. Malamai suka yi ta ɗiba har aka kai ƙasan kula. Baƙuwar ta ɗauki ɗaya daga na ƙasan, ta ci, ta tsaya. Ta juya shi, ta bi shatin da ɗan yatsa tun daga gindi har hanci.

"'Yata, wane irin inji ne mai wannan fasali?"

Na dubi tabarmar ƙofa.

Shugaba ta ce, "Sakina, ana miki magana."

Ƙarya tana son kalmomi da yawa, ni kuwa ba ni da su. Na ce, "Dutsen guga ne, ranki ya daɗe."

Shugaba ta ajiye kofinta a hankali. Ni dai na ga aikin Anti ya tafi, kuma da bakina.

"Na gawayi?" in ji baƙuwar.

"Na gawayi."

Sai ta tuntsire da dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ce wa shugaba, "Hajiya, na saman nan kyan gani ne da su, amma cikinsu warwatsewa yake. Wannan kuwa komai ya kama juna, ga ɗan ƙamshin hayaƙi. Miƙo mini wancan na ƙarshen kafin malaman nan su riga ni."

Da zan tafi shugaba ta ce, "Ki gaya wa Balaraba ta fara kawowa ranar da aka koma. Kuma gogagge nake so."

A gida Anti ta tare ni tun daga zaure. "Kin faɗa, ko?" Na ɗaga kai alamar eh. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, na yi sauri na isar da saƙon shugaba. Ladidi ta rangaɗa guɗa.

A ranar muka mayar wa Baba Sule dutsensa. Washegari sai ga shi da dutsen a hannu. Ya ce wani Alhaji ya dawo masa da babbar rigar da ya goge da shi, wai tun daga gida har masallaci kuliyoyi ke bin sa. Anti ta ba shi haƙuri, ta saya masa sabo, ta riƙe wannan.

Abin da na koya a ranar shi ne, a sana'ar nan abin da kike jin kunyarsa kina turawa ƙasan kula, wani lokaci shi mai ci yake nema. Injin yana nan cikin kabad, ana goge masa ƙura duk Juma'a. Dutsen kuwa, duk wadda ta kuskura ta goge hijabinta da shi, ita da kuliyoyin unguwa.