Ciwon Bayan Jinaidu Ɗan Dako

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Dundaye kafin samun 'yancin kai ya san Jinaidu ɗan dako. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. Shekara ashirin yana ɗaukar ɗaurin fatun awaki daga rumfunan fatake zuwa inda manyan motoci ke lodi su nufi Gusau. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tilo Karimatu kuma tana aure a Kwalkwalawa, don haka shi kaɗai ne a gida.

Wata safiya cikin daminar 1957 ya sunkuya zai cicciɓi kaya, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Zafi ya tsarga ta cinyarsa ta hagu har yatsun ƙafa. A cikin tabarma abokan aikinsa suka kai shi gida.

Tukur wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho. Maɗori ya lallatsa bayan, ya ce shi bai ga karaya ba. Har sakiya aka yi masa, ciwo yana nan. Da Karimatu ta zo ta tarar da shi yana rarrafe zai ɗauko buta, sai ta fashe da kuka, ta matsa aka kai shi asibiti.

Likita ya ɗaga ƙafar, Jinaidu ya yi ƙara. Malamin asibiti ya yi masa bayani: "Baba, tsakanin ƙasusuwan baya akwai guringuntsi. Naka guda ya zame, shi ke danne jijiyar ƙafa. Ka kwanta bisa katako wata biyu. Kaya kuma kun rabu ke nan."

"In ban ɗau kaya ba, mi za ni yi?" in ji Jinaidu.

Malamin ya miƙa masa ƙwayoyin magani, ya kira na gaba.

Ƙyauren ɗakinsa aka cire aka shimfiɗa masa. Makon farko 'yan dubiya sun yi ta shigowa, daga nan ƙafa ta ɗauke. Karimatu ma dole ta koma, ga goyo ga aikin gona. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarsa, Lantana, ke kawo masa kunu da hantsi ta ce, "Sannu, Malam Jinaidu," ta wuce. Yakan yini yana kallon azarar rufi. In ya ji kukan mota daga nesa, ya san an gama lodi ba shi.

Bayan wata uku ya miƙe da sanda, yana jan ƙafar. Wani falke, Alhaji Maccido, ya sa shi zaɓen fata, tunda hannunsa na gane mai kyau ko ido rufe. A tsaye yake yi, don zama na tayar masa da ciwon.

Bayan shekara uku, ranar bikin 'yancin kai, gari ya tashi kaf zuwa fili. Shi ma ya sa rigarsa ta Juma'a ya fito, amma da ya ga turereniya sai ya ji tsoron a bangaje shi. Ya jingina da bango yana sauraren ganguna daga nesa.

Da la'asar mutane suka fara komowa da 'yan tutoci. Cikinsu har da Hadi, wanda suka yi shekaru suna ɗora wa juna kaya.

"Jinaidu! Ashe kana nan?"

"Ina nan."

"Madalla," in ji Hadi, ya ɗaga masa hannu, ya bi ayari.