Yohanna da Masu Azumin Talata

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar abokina Yohanna, amma har yau idan na hangi dogon mutum a bakin tashar Gwarzo yana ciniki da mai rake, sai in zaci shi ne. Mutumin Filato ne, Kirista, ni kuwa haifaffen Dugabau ne a ƙasar Kabo. Koyarwa ce ta haɗa mu a wata sakandare a Gwarzo, a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da albashin malami ba ya kai shi tsakiyar wata. Hausarsa ta fi tawa tsafta, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba. Rowa ce kawai bai iya ba. Matarsa Saratu takan ce da za a ƙyale shi, har tukunyar zai haɗa wa baƙo.

Daga baya ya ƙaro karatu, ya samu aiki a ofishin kula da harkokin ɗalibai na wata jami'a a birni. Nan da nan ya zama uban duk yaron da ya fito daga yankinmu. Iyaye daga Lakwaya har Durun sukan kai masa ɗa su ce ga amana. A lokacin an daɗe da rufe ɗakin abinci mai rahusa na jami'a da mu muka mora a zamaninmu, kowane ɗalibi da rishonsa da tukunyarsa. Yohanna ya duƙufa bincike a kan abin da ke sa 'ya'yan karkara barin jami'a alhali ba faɗuwa jarrabawa suka yi ba. Yakan yi mini ƙorafi cewa ofishinsa ga fanka ga kujera mai laushi, amma yaranmu ba sa zuwa. Wanda ya zo ma gaisuwa zai yi ta jerawa, ya aiki, ya iyali, ya gajiya, sannan ya tashi ya koma da abin da ya kawo shi.

A cikin yaran akwai Habibu, tsohon ɗalibinmu, ɗan Malam Buba na Durun. Gidansu asalin makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, kuma shi ne na farko a danginsu da ya taka jami'a. Shanun huɗa mahaifinsa ya sayar ya tura shi. Habibu ya san haka, sai ya ƙudurta a ransa ba zai ƙara buɗe baki ya nemi komai a gida ba.

Wata Asabar Yohanna ya zo Gwarzo ya same ni a ƙofar gida. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Isa, azumin nafilarku wace rana da wace rana ne?"

Na ce, "Yawanci Litinin da Alhamis. Musulunta za ka yi ne in nemo maka rawani?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "To na Talata fa? Na Laraba fa? Habibu kullum azumi yake. 'Yan ɗakinsu har Ustaz suke ce masa, in za su ci abinci sai su juya masa baya don kada su ɓata masa ibada. Da magariba kuma ya tafi masallaci, ba ya dawowa sai an wanke kwano."

Nan take na gane. Yaran nan girkin haɗaka suke yi, wannan ya kawo wake, wancan ya kawo man gyaɗa. Wanda ba shi da abin zubawa a tukunya, kunya ba za ta bar shi ya sa hannu a kwano ba, sai ya ce yana azumi. Mu kuwa ba ma tuhumar mai azumi, albarka muke sa masa. Balle a wancan lokaci da ake ta shirin ƙaddamar da Shari'a, kowane matashi yana ƙoƙarin gyara addininsa.

Yohanna bai kira yaron ya ce ƙarya kake ba, bai kuma miƙa masa komai a hannu ba. Ce masa ya yi mamansu Saratu ta ji yana yawan azumi, tana son ladan, ya riƙa zuwa shan ruwa gidansu. Suka sayi buta da tabarmar salla. Saratu ta shiga dama kunun tsamiya da suyar ƙosai, tuwo ya biyo baya. Kafin zangon karatun ya ƙare, masu azumin Talata sun cika tsakar gidan, kuma ba a taɓa tambayar kowa niyyar da ya kwana da ita ba.

Ni ina cikin waɗanda suka yi murna da zuwan Shari'a, har gobe ban canja ba. Amma shekara ce da zukata suka cika da zargi, har wasu maƙwabtanmu Kiristoci suka tura iyalansu gida. Sai magana ta bazu a kasuwar Gwarzo wai akwai wani Kirista a jami'a da ke tara 'ya'yan Musulmi kullum da yamma, ba a san abin da yake zuba musu a abinci da kunne ba. Maganar ta isa Durun. Malam Buba ya kira ɗansa ya ce in ya ƙara taka gidan nan bai yafe ba.

Na garzaya birni na roƙi Yohanna ya bar ni in faɗa wa tsohon gaskiya. Ya ƙi, ya ce, "In ka faɗa masa, me ka faɗa? Ya sayar da shanunsa amma ɗansa yana yini da yunwa, kuma ɗan ya fake da ibada. Ka karya uba, ka karya ɗa. Ni sunana ne kawai ya ɓaci, zan iya ɗauka."

Ya gwada bi ta hannun wata mai abinci a gefen masallaci, amma Habibu ya gane inda abincin ya fito, ya ƙi, don ba zai zagaye maganar mahaifinsa ba. A shekarar ƙarshe gyambon ciki ya kwantar da shi, jarrabawa ta wuce shi, aka kai shi gida. Yohanna ya bi shi har Durun don ya shawo kansa ya dawo. Malam Buba ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ba shi ruwa, ya gaishe shi gaisuwar mutunci, amma bai bari ya ga yaron ba. Habibu bai koma ba. Ba a jima ba hawan jini ya kayar da Yohanna a ofis, aka ɗauki gawarsa zuwa Filato. Daga yankin da ya yi wa wahala, waɗanda muka raka shi ba mu cika mota ɗaya ba, kuma wannan har yau yana ci mini rai.

Yanzu ina jin masu bincike sun mayar da hankali sosai a kan walwalar ɗalibai. Ana maganar damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa, ana buɗe cibiyoyin ba da shawara, ana koyar da sana'a, ana tura tambayoyi ta waya ɗalibi ya amsa ba tare da an san sunansa ba. Nakan tambayi kaina me Yohanna zai ce. Na san sai ya fara tsokana, ya ce wanda ya ɓoye wa abokin ɗakinsa ne zai faɗa wa waya? Amma ina jin daga baya zai ce ai waya ba ta san uban kowa ba, wataƙila ita za a iya faɗa wa. Abin da zai dame shi shi ne ko akwai wanda har yanzu yake leƙa ɗakunan kwana da rana tsaka, ya ga wa ya ɗora tukunya, wa ya juya fuska bango.

Bincikensa bai kammalu ba, ba kuma mai ambatonsa. Malam Buba ya rasu bai san gaskiya ba. Shin Yohanna ya yi daidai da ya rufa wa yaron asiri har karatun ya salwanta? Na juya tambayar nan shekara da shekaru, ban samu amsar da ta kwantar mini da hankali ba. Abin da na sani shi ne ya zaɓi a zage shi a kan ya kunyata ɗan wani, kuma ina kewarsa.

Habibu yana nan a Durun yana noma, furfura ta fito masa. Shi ya ba ni izinin wannan rubutu, ranar da ya kawo mini 'yarsa Hauwa ta yi mini sallama, don ta samu gurbi a jami'a. A gabana ya ba ta labarin nan kaf, karo na farko da ya fito daga bakinsa. Da ya gama ya dube ta ya ce, "Ki ji da kyau. Duk ranar da abincinki ya ƙare, ki kira ni ki ce Baba, yunwa nake ji. Ko me zan sayar zan sayar. Kada ki taɓa ce mini kina azumi."