Larabcin Inna

Shekara goma ke nan da rasuwar mahaifiyata, amma har yau in na ji ƙaurin manja ana ruwan sama, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na Anaca. Da hantsi ne. Ruwa na dukan kwano, wata maƙwabciya ta ɗora kasko aka kira ta ɗakin Inna da gaggawa, manjan ya yi ta ƙonewa ba mai saukewa. Cikin wannan ƙauri aka fito aka dafa kaina, aka ce in yi haƙuri. Shekarata goma sha uku.

Waɗanda suka zauna a unguwar Hausawa ta Anaca kafin mulkin kai wataƙila sun san ta da Hauwa. Ba shi ne sunan da iyayenta suka raɗa mata ba. 'Yar wani ƙauye ce a kan hanyar Inugu. Mijinta na fari ya mutu ya bar ta da yaro ƙarami, ta shigo gari tana sayar da manja a kasuwar Ochanja, a can ta haɗu da Baba, wanda ke sauke albasa daga Arewa. Da ta musulunta ta aure shi, dangin marigayin suka riƙe yaron, suka ce jininsu ne. Nata dangin kuma suka ce kada ta sake taka musu gida. Ta tare da akwatinta, ɗan yana can.

In faɗi gaskiya, ba a wulaƙanta ta a unguwa ba. Ana gaishe ta, ana aiko mata da tuwon suna. Sai dai in ta buɗe baki, Hausarta na fita da karin harshen Ibo, mata su kalli juna suna murmushi. In ta aika da miyar shuwaka, kwanon kan dawo da ɗan sawun cokali a gefe kawai. Ba ta iya kunyar 'yar fari ba: tana kiran sunana gatsal, tana rungume ni a gaban mutane, wannan ma ya zama abin hira. Baba mutumin kirki ne, amma rabin shekara yana hanya. Ta koyi yin shiru. Wuri ɗaya na san tana sakin baki, shi ne kan tabarma bayan ta sallame salla, inda take ɗaga hannu tana magana ƙasa-ƙasa da Ibo, ta daɗe, kamar mai ba wa wani labari.

Wata rana bayan la'asar Iya Talatu, da muke haɗa katanga da ita, ta shigo aron rariya, ta tarar da ita a haka. Ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Hauwa, da Inyamuranci kike wa Ubangiji magana? Ai salla ma ba ta yiwuwa sai da Larabci, bare roƙo. Kin daɗe kina wahalar da bakinki, 'yar nan."

Da dariya ta faɗa, ta ɗauki rariyarta ta fita. Inna ta sauke hannu, ta naɗe tabarma. Daga ranar ban sake jin ta yi Ibo a kan tabarmar nan ba.

A lokacin, da safe ina zuwa makarantar boko, da yamma kuma wurin wani dattijo da ake kira Malam Mai Sudan, saboda ya yi shekaru a can kan hanyarsa ta Makka. Ban da allo, yana koya wa wasunmu Larabcin magana daga wani ɗan littafi mai hotuna. Bayan 'yan kwanaki Inna ta tare ni a bakin murhu.

"Nne, wannan Larabcin naku, ana iya hira da shi, ko karantawa kawai ake yi?"

Nne, wato uwa da Ibo, take ce mini in ta so ni da yawa. Na ce Malam ya ce a Sudan har ciniki ake yi da shi.

"To, kullum ki riƙa kawo mini kaɗan. Addu'o'in da aka koya mini na haddace, amma ba ɗana a cikinsu. Ina so in yi wa Allah maganarsa da bakina, ba a faɗa ina maimaitawa ba."

Ni ma na ɗauka Iya Talatu ta yi gaskiya. Yarinya ce ni, kuma babba ce ta faɗa. Sai na ga ashe shekara da shekaru yayana da ban taɓa gani ba yana can ba mai roƙa masa komai, kuma a bakina hanyar take.

Inna ba ta karatu, ba ajami ba boko. Sai ta mayar da gidanmu allonta. Kowace kalma na kawo, ta nemo mata mazauni. Ruwa, ma'un, ya zauna a kan randa. Wuta, narun, a murhu. Da safe in tana shara takan bi su ɗaya-ɗaya tana taɓawa tana faɗa, kamar mai gaida maƙwabta. Da muka zo kan kalmomin da ba a taɓa su da hannu, na ɗauka ta tsaya ke nan. Ba ta tsaya ba. Nesa, ba'id, ta ɗora ta a kan ƙofar gida. Tsoro ta ajiye shi a bakin rijiya. Kalmar ɗana, ibni, ta rasa inda za ta sa, ta yi yini biyu tana dubawa, daga baya ta ɗora ta a kan wata 'yar kujera ta tsugunno da ba mai zama a kai.

Wahalar ita ce littafin Malam na maganar ƙofa da alƙalami da jaki, ita kuwa wasu abubuwa take nema. Sai na zama mai yawan tambaya a makaranta. Ranar da na ce, "Allah gafarta Malam, yaya ake cewa doya?" ya cire tabarau ya dube ni.

"Rabi, jiya tari, shekaranjiya tabo, yau kuma doya. Asibiti za ki buɗe ko kasuwa?"

Yara suka yi dariya. Ya shafa gemu, ya ce shi dai duk zamansa a can bai ga Balarabe da doya ba. Da na kawo wa Inna wannan labari, ta ajiye ludayi.

"Ba su da doya? To me suke ci, bayin Allah?"

Ta yi dariya har da hawaye. Ina jin ban taɓa ganin ta yi irin wannan dariya ba, kuma mu biyu ne kawai a gidan.

So take ta kwatanta shi sosai, yadda uwa ke kwatanta ɗanta ga mai tafiya garin da yake: yana da tabo a goshi, yana tari in damina ta kama, yana son doya gasasshiya, ba ya faɗa in an cuce shi. Amma haruffan maƙogwaro sun ƙi bakinta, ni kuma abin da na sani bai taka kara ya karya ba. Muna cikin haka ciwon ƙirji ya kama ta. Ta daina iya zagaya gida, sai dai daga kwance ta riƙa nuna abubuwan da yatsa ta ƙofar ɗaki. Iyakar abin da ta iya haɗawa da kanta, wanda na ji tana maimaitawa har kwanakinta na ƙarshe, shi ne, "Ya Rabbi, ibni ba'id." Ya Ubangiji, ɗana yana nesa. Sauran bayanin bai samu ba.

Bayan rasuwarta Baba ya kai ni Kano wurin ƙanwarsa, na shiga makarantar horon malamai. A can ne wata rana malaminmu na addini, yana bayani a kan wani abu daban, ya faɗa a wuce cewa roƙon Allah da kowane harshe ake yi, shi ya halicci harsunan duka. Sauran 'yan aji suka ci gaba da rubutu. Ni na nemi izini na fita, na zauna a bayan aji. Tun daga ranar nake ɗauke da tunanin cewa Inna ta bar duniya tana zaton duk abin da ta faɗa da harshenta bai isa ko'ina ba, kuma wanda zai isa ba ta gama koyonsa ba.

Yanzu ina koyarwa a Inugu, ina zaune ni kaɗai a ɗaki ɗaya a Uwani. Nakan tambayi kaina me za ta ce da wannan zamani. An sauke tutar Turawa, ana ta aikin gada a kan kogin Anaca da muke haye shi da jirgin ruwa, samari na hawa jirgin sama zuwa Masar da Sudan neman ilmi. Da yamma in na murɗa rediyo, sai ga Balarabe yana ta zuba Larabci daga ƙasarsu, a cikin ɗakina. Ina fahimtar rabi. Na san da za ta jawo kujera kusa da akwatin, ta karkata kai, ta ce masa, "Ɗana, a hankali mana." Ina kuma jin da ta yi mamakin cewa duk karatun da na yi, har yau ba ni da wanda zan yi hira da shi da Larabci. Na taɓa gwada wani mai kantin yadi daga ƙasar Sham, na yi masa gaisuwa irin ta littafi, ya yi murmushi ya amsa mini da Turancin kasuwa.

Yayana kuwa na neme shi. An ce mini yana Fatakwal, na bi har tashar Mile 3, aka ce ai ya daɗe da tashi, ba a san inda ya nufa ba. Na tsaya ina duban goshin kowane saurayi da ya wuce, har motar Inugu ta cika.

Abin da ya rage nata ba shi da yawa. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba. An raba zannuwanta, wasu mutane ne a gidan yanzu. Sai dai 'yan matan ajina, in na koya musu sabuwar kalma, nakan ce kowacce ta nemo mata wurin zama a ɗakin uwarta, kuma ba sa mantawa. Ba su san daga wa suka gada ba.

Bara na je Anaca gaida Gwaggo Yalwa, matar tsohon limamin unguwarmu, wadda ta yi wa Inna wanka. Ta tsufa, idonta ya yi rauni. Muna hira na kasa riƙewa, na gaya mata abin da ke cina. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Rabi, ashe wannan kike ɗauke da shi? Ai ta sani. Washegarin maganar Talatu ta zo nan. Ni na shiga na tambayi Liman, ya fito har bakin zaure ya ce mata ta roƙi Allah da harshen da ta sha a nono, yana ji. Ta ce ta gode. Da Ibo ta ci gaba da roƙa wa yaron nan, a zuci dai, don kada a sake ji."

Na ce, "To Gwaggo, Larabcin fa? Duk wahalar nan ta mece ce?"

"Ni ma na tambaye ta, da na ji tana ta gaida randa da murhu. Ta ce, Yaya, da Ibo aka kore ni, da Hausa ake mini dariya. Ina son in sami harshe ɗaya da ba a taɓa gaya mini baƙar magana da shi ba."