Shanun da Ke Cikin Wayar Baffa Ori

Akwai ranar da ba na mantawa da ita a wannan sana'a, kuma duk wanda ya zo koyon gyaran waya a shagona sai na ba shi labarinta kafin ya taɓa sukudireba. A ƙarshen damina ne, shekarata ta biyu da buɗe shago a Gashua bayan na gama koyo a Nguru. Lokacin ji nake ba wayar da za ta gagare ni. Har allo na sa aka rubuta mini "Injiniya", alhali ba wanda ya ba ni wannan muƙami sai ni kaina.

Da hantsi wani dattijo makiyayi mai suna Baffa Ori ya shigo yana haki. Wayarsa ta yi afdet, wato ta sauko da sabon tsari da kanta, tun daga nan duk ya taɓa wurin lambobi sai ya rufe. Ya ce, "Ɗana, ka hanzarta. Ƙanena Buba na tafe da garke daga wajen Karasuwa, kafin la'asar za su kai mashigin kogi. Ruwa ya ƙaru, masunta sun ce ko jiya ya ja rago. In ban tsai da shi ba, shanu za su shiga."

Na ce, "Baffa, wannan ai aikin minti biyar ne." Ya fara cewa, "Amma shanun da ke ciki..." Na katse shi, na ce hotunansa ba abin da zai same su.

Ga yadda ake yi, ga wanda bai sani ba. Ana kwashe lambobin a zuba a layi, a share ma'ajiyar manhajar da ta rikice, sannan a maido su. Haka na yi, wurin lambobi ya buɗe tas. Na miƙa masa ina jiran yabo.

Ya duba, ya ja sama, ya ja ƙasa. Ya ce, "Ina mutanena?"

Na ce ga su nan, duka sittin da 'yan kai. Sai a lokacin na kalli sunayen: wannan "A", wannan "Aa", wannan ɗigo kawai. Ashe Baffa ajami yake karantawa, ba boko ba. Kowace lamba an liƙa mata hoton bijimi ko saniyar mai ita, da haka yake gane kowa. Buba shi ne farin bijimi mai karyayyen ƙaho. Layi kuwa ba ya ɗaukar hoto, na kuma san haka sarai, ban dai tambaya ba. Tarihin kiran ma na haɗa na share, wai don aiki ya yi tsabta.

Gumi ya keto mini. Ba wata dabara da ta rage sai kira ɗaya bayan ɗaya. Na rufe shago rabi, na zama ɗan aiken Baffa: in danna, in kara masa a kunne. Matsalar ita ce dattijon ba ya iya katse mutum ba gaisuwa. Sai ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya tambayi ruwa, sannan ya ce mini, "Wannan jar saniya ce, ba shi ba ne." Ni kuwa ina kallon inuwa tana juyawa. Wallahi na ji tsoro, don na san garken nan shi ne duk abin da gidansu ya mallaka.

Mun yi azahar a gurguje muka ci gaba. A kira na arba'in da wani abu aka ɗauka, na ji kukan shanu ta cikin wayar. Baffa ya miƙe tsaye, wannan karon ko sallama bai yi ba. Ya daka tsawa da Fulatanci. Buba ya ce na gaba sun riga sun jiƙa ƙafa, amma ya juyo da su.

Baffa ya koma ya zauna. Daga nan muka maida wa kowa dabbarsa, har bayan la'asar. Da muka gama ya ce in sa masa tawa lambar. Na tambaye shi wane hoto zan liƙa, tunda ba ni da ko maraƙi. Ya duba cikin hotunansa a natse, ya zaɓo wata akuya da ta tura kai cikin buhun gero.

Tun ranar ba na taɓa wayar kowa sai ya nuna mini yadda yake amfani da ita, kuma in ya fara magana ina bari ya kai ƙarshe. Baffa yana kirana har yau in wayarsa ta rikice, kuma na san abin da yake dannawa.