Murtsunguwar Baba Dabo

A ƙauyen Rijiyar Gawo, cikin ƙasar Makoɗa, gona manne take da gona, har in mutum yana noma a tasa yakan ji tarin maƙwabcinsa. A nan aka haifi Dabo, a nan kuma ya tsufa. Sana'arsa ta gado haƙar rijiya ce. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana shiga ƙasa da dagi a hannu da igiya a ƙugu, kuma a duk kewayen nan da wuya ka sami unguwar da ba ta shan ruwan rijiyar da ya gina. In aka fito da ƙasa a kwando, yakan damƙa, ya shinshina, ya ce, "Saura gaba biyu." Sai kuwa a tarar da ruwa a nan, ko kusa da nan.

Yana dab da shekara sittin wata tsohuwar rijiya da ya shiga yashewa ta rufto masa daga gefe. Da yake da sauran kwana, aka zaro shi da rai, amma ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya haɗe, sai dai ƙafar ta gajarce, ba ta sake yarda da shiga rami ba. Dabo ya naɗe igiyarsa ya rataye a zaure.

Zaman ne ya fi karayar damunsa. 'Ya'yansa maza sun karɓi noman babbar gona, 'yarsa Tahira tana aure a Kano, shi kuwa ba abin da ya rage masa sai 'yar gayaunar bayan gida, wadda ke bakin burtali, hanyar da shanu da awaki ke bi zuwa kiwo. Tsohon shingen aguwa da ubansa ya dasa a wurin ya zube, duk dabbar da ta wuce sai ta zura kai ta ci rabonta. Dabo ya wuni a tsakar gida yana gyaran abin da bai lalace ba, har matarsa Hure ta gaji.

Ta ce, "Malam, tun da ka bar rijiya ka dawo sa ido a kan tukunyata. Ka nemi abin yi, don Allah."

Abin yin ya zo masa a cikin buhu. Yana da aboki tun na ƙuruciya, Madu, wanda kakanninsa suka zo daga Borno suka zauna a garin, shi kuma ya gaji fataucin kanwa da busasshen kifi. Wata ranar Laraba a ƙarshen rani Madu ya tsaya da babur a ƙofar gida, ya kwance buhu ya zazzage a gaban Dabo. Wasu ganyaye ne masu kauri, kore shar, kowanne ya kai faɗin faifai, ƙaya ta rufe su ko'ina.

Dabo ya ce, "Madu, da na ga buhu na ɗauka kifi ka kawo mini."

"Kifi ka ci ya ƙare. Wannan murtsunguwa ce. A hanyar dawowa na ga wani gari sun kewaye gonakinsu da ita, ko akuya ba ta ratsawa. Sun ce tana 'ya'ya masu zaƙi. Ka dasa a bakin burtalin nan naka."

"Yaya ake dasa ta?"

"Ni ɗan kasuwa ne. Kai ne ka san ƙasa."

Ganye goma sha uku ne. Dabo ya dasa goma sha biyu a jere, ɗaya kuwa ya ƙuje a buhu, Hure ta ɗauke shi da tsumma ta jefar kan tsibin marmarar da aka tara a gindin katanga. Daga ranar Dabo ya kama ban ruwa kamar mai lambun tumatir. Safe bokiti biyu, yamma bokiti biyu, yana ɗingishi daga rijiyar gida zuwa gayauna, ransa fari ƙal don ya sami aiki. Bai taɓa ganin abin da ruwa ya yi wa illa a tsakiyar zafi ba.

Cikin mako uku ganyayen suka fara rawaya daga ƙasa. Ya ce ƙishi ne, ya ƙara musu bokiti. Da ya taɓa ɗaya da sanda sai ya faɗi, gindinsa ya yi baƙi, ya narke kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Tara suka tafi haka. Ya zauna a kan kunya, ya damƙi ƙasar wurin ya kai hanci, ya ji warin da ya sani sarai, warin ƙasan rijiyar da aka daɗe ba a yashe ba.

Yana komawa gida ransa a ɓace, sai idonsa ya kai kan tsibin marmara. Ganyen da Hure ta yar yana nan kwance, ko ɗigon ruwa bai taɓa samu ba, amma ga wani ɗan toho ya fito masa a kai. Ya sa sanda zai ɗaga shi, ya ji ya riƙe. Ya yi saiwa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Hure, zo ki ga naki. Ya fi nawa lafiya."

Ta zo ta duba, ta ce, "To ai ni ban dame shi ba."

Ranar ya tone ukun da suka rage, ya yanke inda ya ruɓe, ya shanya su a inuwar rumbu har bakin yankan ya bushe. Ya ja marmara da yashi a baro, ya yi musu kunya mai tudu, ya sake dasawa. Ya yi kwana goma bai ba su ruwa ba, ko da yake kullum sai ya je ya tsaya a kansu, hannunsa na masa ƙaiƙayin ɗaukar bokiti.

Da haka ya fara koyon halin murtsunguwa, kuma shekara guda ta ɗauke shi kafin ya gane kan abin. Ya samo wani busasshen tsinken kara, yakan soka shi a gindinta har tsawon yatsa, ya zare ya shinshina. In da sauran danshi, sai ya juya ya tafi. Ya lura cewa da bazara, sa'ad da zafi ya kai maƙura kuma take fitar da sabon toho, tana son buta guda duk bayan kwana goma, da sassafe kafin rana ta ɗaga, a zuba a kewaye, kada a jiƙa mata jiki. In damina ta sauka, sai a ajiye buta. Da kaka, bayan an yanke gero ƙasa ta fara tsagewa, yakan ba ta sau ɗaya ko biyu ta yi guzuri. Lokacin sanyi kuwa barci take yi. Ko ganyen ya ɗan yamutse ba ya tausaya mata, don ya taɓa tausaya wa guda biyu a watan sanyi ya kashe su.

Aikin da ya fi ba shi wuya na marka ne, sa'ad da ake kwana uku ruwa bai ɗauke ba. A shekara ta biyu ruwan burtali ya taru ya kwanta a gindin shingen. Maƙwabta suna cikin ɗaki suna murnar gero, Dabo kuwa yana waje da buhu a ka, da fartanya, yana yanka wa ruwa hanya ya gangara kududdufi. Wani maƙwabcinsa, Sama'ilu, ya leƙo daga zaure ya ce, "Baba Dabo, da kai ke nemo mana ruwa, yau kai ke korar sa?"

"Ko wancan lokacin ma hanya nake yi masa," in ji Dabo, ya ci gaba da sara.

An yi masa dariya ba kaɗan ba. A majalisar ƙofar masallaci an ce tsufa ya sa Dabo kiwon ƙaya. Bai ji haushi ba, shi ma yakan taya su. Duk ganyen da ya ƙosa sai ya yanke, ya shanya, ya dasa a gaba. Huɗun nan suka zama ashirin, ashirin suka zama abin da ya daina ƙirgawa. A shekara ta uku shingen ya kai ƙirjin mutum. Awaki suka riƙa zuwa su tsaya su duba, su wuce. A karo na farko cikin shekaru waken gayauna ya kai ga girbi ba a cinye rabinsa ba.

A shekara ta huɗu ta yi fure, rawaya, a jere a bakin ganye, ƙudan zuma suka cika wurin. Bayan furen 'ya'ya suka fito, suka nuna ja. Hure ce ta riga kowa. Ta tsinko ɗaya da bakin zane, ta goge sama-sama, ta gatsa. Ba ta san jikin ɗan yana da wata ƙaramar ƙaya mai laushi da ido ba ya gani sosai ba. Wuni ta yi da leɓe a kumbure, Dabo yana zaune gabanta da matsefata yana cire mata ɗaya bayan ɗaya, yana danne dariya.

Da ƙyar ta ce, "Malam, in ka yi dariya ba tuwo yau."

"Ban yi ba. Amma da zaƙi?"

Ta ɗaga kai alamar e.

Daga baya suka gano dabara: a birgima 'ya'yan cikin yashi da tsintsiya, a wanke, a fere da wuƙa. Dabo ya cika ƙwarya ya kai wa Madu. Madu ya ci biyar a zaune, ya ce ai dama shi ya san abin da ya kawo.

Darajar shingen ta fito fili a wata shekara da damina ta makara. Harawa ta ƙare a kan rumfuna, kara ya ƙare, awaki suna cin leda a bola. Dabo ya yi tunani ya ce abin da ke riƙe ruwa haka a cikinsa ba zai rasa amfani ga dabba ba. Ya yanki ganye biyu, ya babbake ƙayar a wutar kara, ya daddatsa da adda, ya barbaɗa dusa, ya ajiye wa tunkiyarsa guda don gwaji. Ta shinshina, ta ja baya, yunwa ta dawo da ita. Da ya ga ta kwana biyu lafiya, sai zawo kaɗan, ya rage yawan ya haɗa da busasshiyar ciyawa, ya ba sauran dabbobinsa.

Maƙwabciyarsu Safiyatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da awaki bakwai, ita ta fara sallama. Ta durƙusa a tsakar gida ta ce, "Baba, biyu sun kasa tashi. Ko za a taimaka mini da abin nan?"

Dabo ya ɗauki adda ya yanko mata cikin kwando. Kashegari ya sake yanka mata, haka kullum har ruwa ya sauka. Awakinta shida suka ga damina. Bayan ita wasu suka biyo, har da Sama'ilu, wanda ya zo yana sosa ƙeya. Shingen ya sha yanka a shekarar, ya koma kamar an yi masa aski, Hure har ta ji masa tsoro. Dabo ya ce ta bar shi. Kafin kaka ya mayar da abin da ya rasa.

Tun daga nan duk wanda ya zo neman iri ba ya tafiya hannu banza, amma sai ya zauna ya saurari karatu. Dabo zai sa shi ya maimaita: a shanya kwana bakwai, a yi tudu, a manta da ita. Ya san rabinsu ba za su ji ba, za su dawo bayan wata guda su ce irin ba shi da kyau. Sai ya sake yanka musu, ya ce, "Ni tara na kashe a dashen farko. Kai nawa?"

Bara idanunsa suka yi yana, har ya daina bambanta toho da fure. Tahira ta zo da kanta ta ce sai an tafi Kano an yi masa aiki. Tsakiyar bazara ce, lokacin da ya fi tsare ban ruwa. Kafin ya shiga mota ya ja Hure har bakin shinge, ya damƙa mata butarsa da tsinken kara, ya nuna mata sabbin dashe goma sha biyar da ke ƙarshen layi, ya lissafa mata ranaku.

Aikin ya yi kyau, amma Tahira ta riƙe shi mako shida, sai da likita ya sallame shi. Ranar da ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya wuce gayauna. Ya bi sabbin dashen ɗaya bayan ɗaya da sabon ganinsa. Duk suna tsaye, takwas har sun yi toho. Ya dawo yana murmushi.

"Hure, kin iya. Sau nawa kika ba su ruwa?"

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Sau ɗaya, ranar da ka tafi. Daga nan aka yi haihuwa gidan Sama'ilu, sai biki, sai na sha'afa. Butar ma na ɗauka na kai banɗaki."

Dabo ya zauna a kan turmi, ya miƙe gajeriyar ƙafarsa. Ya yi lissafin bazara nawa ya yi yana tashi da sassafe duk bayan kwana goma, sai dariya ta kama shi har sabon idon ya yi ƙwalla. Hure ta ce ya yi a hankali kada ɗinkin ya warware, ta miƙo masa kofin fura.

Ya sha, ya goge baki, ya ce duk da haka gobe zai ba su, don shi ma yana bukatar fitar.