Tawadar Inna Atu

Kafin hantsi ya dubi ludayi, Inna Atu ta daka bagaruwa, ta jiƙa, ta jefa kashin maƙera a tukunya, ta koma gefe tana jiran ruwan ya yi baƙi. Daga baya ƙaro, ɗan kaɗan. Shekara talatin ke nan tana wannan aiki a lungun maƙera na Tambuwal. Wasiƙu nawa suka bar garin nan zuwa Gwandu da Sakkwato da tawadarta? Amma hannun malami ake yabo. Haka muke.

Ina da kundi da nake rubuta abin da ya faru kowace rana: wanda ya sauka a gari, wanda ya rasu, ranar ruwan shuka, da wasu tunane-tunanena da na ɗauka duniya ta ƙagu ta ji. Shekarar bara girman kai ya kama ni. Na ce wanda ya yi shekara goma sha biyu yana karatu a Gwandu ba zai kasa abin da tsohuwa ke yi ba. Na kankaro baƙin tukunya, na dama da ƙaro. Tawadar ta yi baƙi ƙirin. Wata huɗu ina rubutu da ita, ina jin kaina.

Wata rana Inna Atu ta biyo ta zaurena, ta leƙa kurtuna.

"Malam Maccido, mi kaka yi da tawadar allo bisa takarda? Wagga ai don a wanke a sha aka yin ta. Halan littafin naka za ka dama ma mutane?"

Na ce mata tawada tawada ce. Ba ta yi musu ba. Ta ajiye kurtunta kusa da buzuna, ta tafi.

Da la'asar ɗin nan maƙwabcina Ɗangiwa ya 'yanta baiwarsa Saudatu a gaban wasu fatake biyu da suka sauka gidansa. Na dawo na rubuta. Na tsoma alƙalami a kurtun Inna Atu, ba don hikima ba, don shi ne kusa da hannuna.

Damina ta zo, soro ya yi yoyo a kan gafakata. Bayan kaka Ɗangiwa ya rasu, magada suka lissafa Saudatu cikin gado, har wani dillali ya taso daga Kebbe ya duba haƙoranta. Alƙali ya ce ta kawo shaidu biyu na 'yancinta cikin kwana bakwai. Duk unguwa an tuna an yi baƙi, babu wanda ya tuna sunansu.

Na buɗe kundi. Hikimata ta wata huɗu ta narke, shafi bayan shafi, kamar an zubar da ruwan wanke allo. Layi uku na tawadar Inna Atu kaɗai suka tsaya daram: rana, wata, da Namadi na Jabo da Almu na Fakku. Aka aika, suka zo, suka ba da shaida. Yau Saudatu tana sayar da furarta a kasuwa, abin da ta samu nata ne.

Ke ce, Inna, mai baƙin da ba ya gudun ruwa. Ba ki san baƙin rubutu ko ɗaya ba, amma ke kika riƙe sunayen nan. Mutane sun zo sun gode mini, ni kuwa na karɓa, don malami ba ya mai da godiya. Yau na kawo miki kayanki.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne hannun Inna Atu ya soma rawa don tsufa, ta ce tukunyar bana ce ta ƙarshe. Na bi zaurukan malamai ina tambayar wa zai koya. Kowa ya ce in sha Allahu, ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa. Na koma gida na kasa zama, na leƙa kurtu, saura rabi.

Jiya na je da kaina. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo taɓarya.

"Tuɓe rawanin, malam. Karatu ba shi daka bagaruwa."

Allah ya saka miki da alheri, Inna Atu. Ku kuma masu alƙaluma, akwai turmi na biyu a gidan. Ku zo tun tana iya yi mana dariya.