Lambar maɓalli daban, ta harafi daban: rashin Malam Sannu-sannu

Mai karatu, in kalamai masu sanyaya zuciya kaɗai ka zo nema, gara ka sani tun yanzu cewa ina cikin jimami, ina kuma cikin takaici. Kuma inda zan yi maganar maɓalli da lamba, kada ka tsallake ka ce wannan na 'yan kwamfuta ne. Ni ma a sakandare na tsaya.

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malamin kwamfuta na makarantar da nake aikin buga takardu, wanda kowa ya sani da Malam Sannu-sannu. Kwana huɗu kawai ya yi yana jinya.

Malam, ba nawar aiki ce ta jawo maka sunan nan ba. Duk wanda ya shigo ɗakinka a birkice yana cewa kwamfuta ta haukace, abu ɗaya kake faɗa: "Sannu-sannu. Me ka danna, me ya fito?" Ranar da aka ɗauke tafiretata aka ajiye mini kwamfuta, saura kaɗan in ajiye aikin. Kai ka jawo kujera ka zauna da ni mako biyu, ba ka taɓa nuna mini ka gaji ba.

Ba zan manta ranar da ka same ni da biro ina bin takardun jarrabawar Hausa ɗaya bayan ɗaya ina yi wa haruffa lanƙwasa ba. Malamin Hausa ya rubuta "baƙi sun cika ɗaki", na'ura ta fitar da "baki sun cika daki", yara suka yi ta dariya a aji. Ka duba tarin takardun ka ce, "Yaya, wannan ai azaba ce." Bayan mako guda ka kawo mini 'yar manhajar da ka rubuta da kanka. In na danna maɓallin gefe, sannan na danna d, sai ɗ ya fito. Haka b, haka k. Shekara shida da ita nake buga jarrabawa da sakamakon yara.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai.

'Yata ta fari tana shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta. Kai da kanka ka ce in riƙa zuwa da ita ranar Asabar ka koya mata cikin manhajar, don kada ya zama mutum ɗaya ne ya san ta. Asabar uku kuka yi. Ina gefe ina buge-bugena, kunnena yana wurinku. Ka ce mata: "Injiniya, maɓalli gida ne, haruffa su ne mutanen gidan. Maɓallin d ɗaya ne, lambarsa sittin da takwas. Amma ƙaramin d da babban D da ɗ duk ta ƙofarsa suke fitowa, kowanne da tasa lambar. In abin da yatsa ya taɓa kike son sani, tambayi lambar maɓalli. In abin da aka rubuta ne, tambayi lambar harafi. Babban D ma sittin da takwas ne, shi ke ruɗin mutane su zaci jeri ɗaya ne."

Ta ce, "Na gane, Baba Malam." Wayarta na kan cinyarta, babban yatsanta bai daina motsi ba. Ka sake tambaya, ta sake cewa ta gane. Kai mutum ne mai yarda da mutane, sai ka wuce gaba. Ni kuwa na san muryar 'yata, na san ba ta gane komai ba. Na yi shiru don kada in kunyata ta a gaban malaminta. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Kwana tara da binne ka, kwamfutar ofis ta mutu da duk abin da ke cikinta. Aka kawo sabuwa, ga sakamakon yara ɗari uku ana jira ranar Juma'ar makon gaba. Maiɗakinka, da hawayenta da komai, ta nemo mana littafin da kake rubuce-rubucenka. 'Yata ta ce in kwantar da hankalina, sake rubuta manhajar daga littafin aikin wuni ɗaya ne, ta kuwa zauna ta rubuta.

Da na zauna bugawa, na danna maɓallin gefe, na danna d, ya fito tsirara ba lanƙwasa. Na wuce gurbin maki na buga arba'in da biyu da maɓallan lissafi na hannun dama, sai ga "ɗ2". Wani yaron ya ci "ɓ5". Hedimasta ya leƙo, ya duba, ya ce, "Hajiya, a bar lanƙwasar nan mana. Wa ya mutu don an rubuta baki maimakon baƙi?" Ya ba ni zuwa Alhamis, in ba ta gyaru ba a share ta. Malam, aikinka na shekara shida za a share ko sadakar arba'in ɗinka ba a yi ba, saboda yarinya ta ji kunyar cewa a maimaita mata.

Na kira ta. Ta ce, "Umma, wallahi lambar daidai take, ɗari ce lambar d."

Na ce, "Ta wane d? Ta mutumin gidan ko ta gidan?"

Na buɗe littafinka, ga jeri biyu ka ja layi a tsakaninsu da jan biro. Ɗari lambar ƙaramin harafin d ce. A jerin maɓallai kuwa, ɗari ta maɓallin huɗu ce na ɓangaren lissafi. Ta ɗauki lamba daga wannan jeri ta kai inda ake tambayar wancan. Shekara uku tana karatun abin, sai mai buga takardu ce za ta nuna mata. Ta gyara cikin minti goma, sannan ta kifa kai a kan teburin ta yi kukan da ba ta yi ranar jana'izarka ba. Ban rarrashe ta ba. Sakamako ya fita ranar Juma'a, kowane ɗ da lanƙwasarsa.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Haƙurin da ka yi da marasa saurare, Allah Ya sa ka same shi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka uku, da mahaifiyarka da ta ga abin da kowace uwa ke tsoro. Allah Ya ba ku dangana, Ya raya abin da ya bari.

Ni kuma na tara mutanen gidana na kafa doka. Daga yau, duk wanda ake koya wa abu, ko ɗaurin igiyar shanya ne, zai kife wayarsa. Kuma ba mai cewa "na gane" sai ya juyo ya maimaita abin da bakinsa, mai koyarwar ya ce haka ne. Maigidan ya ɗago kai ya ce, har da shi? Na ce da shi za a fara.